Ƙaton dish ya tafi, kada kallon kyauta ya bi shi

A watan jiya na je gaida mahaifiyata a unguwar da na tashi, sai na tarar da 'yan gwangwan a ƙofar gidan wani dattijo maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa. Ƙaton farantin satalayit ɗin nan da muke kira dish, wanda ya shekara kusan talatin a tsakar gidan, shi suke yankawa gunduwa-gunduwa suna ɗorawa a sikeli. Magada sun ce ya tare wuri, ya yi tsatsa, kuma an fi shekara goma ba a kunna shi ba. Gaskiya suka faɗa.

Duk da haka na daɗe a tsaye. A falon gidan nan muka fara ganin sallar tarawihi kai tsaye daga Harami, mu yaran layi muna zube a kan darduma, manya na kan kujeru. A nan na fara ganin labaran da ba na NTA ba. Idan Alhaji ya so sauya tasha zuwa wani tauraro, sai an fita an juya ƙarfen, wani na ciki yana ƙwala kira cewa hoto ya fito ko bai fito ba. Alhaji ya kashe kuɗi mai yawa ranar da ya kafa shi. Daga ranar nan kuwa babu wanda ya sake zuwa karɓar ko sisi a hannunsa, kuma babu wanda ya ƙirga mu nawa muke kallo.

Wannan tsarin, na saye sau ɗaya a kalla har abada, shi ne abin da nake gudun mu rasa. Ƙarfen kam lokacinsa ya wuce.

Me ya sa yake da girma haka?

Taurarin ɗan'adam da ke watsa talabijin suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, inda gudunsu ya yi daidai da juyawar ƙasa. Shi ya sa ake ganin kamar a tsaye suke, har a iya saita faranti ya fuskanci ɗaya a ɗaure shi. Saƙon da ke saukowa daga wannan nisa yana isowa a galabaice, aikin farantin shi ne ya tattaro shi ya tara a kan 'yar na'urar da ke gabansa, wadda masu sana'ar ke kira LNB.

Taurarin farko suna aiki ne a zangon da ake kira C, wajen gigahaz 4, kuma ƙarfin da suke aiko da kowace tasha bai kai na ƙwan fitilar ɗaki ba. Raunin saƙo da tsawon igiyarsa su suka tilasta faranti mai faɗin mita biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Amma zangon C yana da wata falala da har gobe injiniyoyi ke girmamawa: ruwan sama ba ya cika dame shi. Duk wanda ya taɓa zama gaban ƙaramin dish a watan Agusta, hadari ya haɗo hoto ya daskare, ya san bambancin.

A Amurka aka fara wannan al'ada. A 1975 tashar HBO ta soma aika shirye-shiryenta ta tauraro zuwa kamfanonin kebul, ba tare da ta kulle su ba, domin ba ta zaci wani zai kafa faranti a bayan gidansa ba. Shekara guda bayan haka wani malamin jami'ar Stanford, Taylor Howard, ya ƙera nasa ya kama tashar. Kafin tsakiyar shekarun 1980 manoma da mazauna karkarar Amurka, waɗanda kebul bai kai gare su ba, sun cika gonakinsu da manyan faranta suna kallo kyauta.

A watan Janairun 1986 HBO ta kulle tasharta, sauran suka bi sahu. Kasuwar manyan faranta ta rushe cikin watanni. A watan Afrilun wannan shekara wani mai sayar da su a jihar Florida, John MacDougall, ya yi amfani da na'urar aika saƙo ta wurin da yake aiki ya danne shirin HBO na 'yan mintuna, ya ɗora rubutun ƙin amincewa da biyan dala 12.95 a wata. An kama shi, an ci shi tarar dala 5,000. Fushinsa bai sauya komai ba. A 1994 DirecTV ta fito da faranti mai faɗin inci 18 da tashoshi masu yawa, bisa sharaɗin biya duk wata.

Abubuwa uku da suka kayar da shi

Na farko fasaha ce. Sababbin taurari sun fi ƙarfi, kuma suna aiki a zangon Ku, wajen gigahaz 11 zuwa 12, inda ƙaramin faranti ya isa. Sannan aka koma tsarin dijital: gurbin da a da tasha ɗaya ke cinyewa a kan tauraro, sai ya ɗauki kusan goma. Na biyu kasuwanci ne. Saƙon dijital yana da sauƙin kullewa, kuma wanda ya riƙe makulli shi ke yanka farashi. DStv ta fara a 1995, ta kama hanyar da ba wanda ya iya tare ta a nahiyar nan, wato mallakar haƙƙin nuna ƙwallon Turai. StarTimes ta shigo Najeriya a 2010, GOtv ta biyo a 2011, suka sauko da biyan wata-wata zuwa aljihun mai ƙaramin ƙarfi.

Na uku shi ne wanda ba a cika magana a kai ba: wayar hannu ta zo tana neman filin. Zangon C ya dace ƙwarai da 5G. A gwanjon da hukumar sadarwar Amurka ta kammala a farkon 2021, kamfanonin waya sun biya kimanin dala biliyan 81 don ɓangaren ƙasa na wannan zango, aka matse masu talabijin zuwa abin da ya rage. A Najeriya, a watan Disambar 2021, MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon gigahaz 3.5 a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Wannan zango maƙwabcin na tsohon dish ne. Turken waya da ke bakin layi yana iya toshe kunnen LNB da aka ƙera don sauraron raɗa daga sama, sai an saka masa matata. Wanda zai biya biliyoyi da wanda ke kallo kyauta, an san wanda hukuma za ta saurara.

Abin da ya saura

A Arewa labarin bai bi sawun na Amurka daidai ba. Mu ba tashoshin kuɗi muke tsinta kafin a kulle su ba. Tashoshin ƙasashen Larabawa muka fi kamawa, waɗanda tun asali a buɗe aka nufe su: MBC da aka kafa a 1991, Aljazeera a 1996, tashoshin Saudiyya, daga baya MBC2 da finafinan Amurka da Zee Aflam da na Indiya. Arabsat da Nilesat sun zama sunaye a bakin yara. Da yake muna gefen inuwar wasu daga cikin waɗannan taurari, babban faranti ya daɗe yana da amfani a wurinmu bayan an daina yayinsa a wasu ƙasashe.

Sannu a hankali muka fara hawa sama da harshenmu. Arewa24 ta buɗe a 2014 a matsayin tashar kyauta, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka shiga gidaje daga Kano har Maradi da zangon Kumasi. Tashoshin addini irin su Sunnah TV da Manara suka samu masu kallo. Yau da ƙaramin faranti da risiba irin ta Strong, mutum zai kama tashoshi masu yawa ba tare da biyan kowa ba. Kallon kyauta yana nan da ransa, sai dai maraya ne. Babu kamfanin da ke tallarsa, domin babu mai cin riba duk wata a kansa, kuma gwamnati ba ta ɗauke shi a matsayin abin da za ta kare ba.

Mu 'yan boko mun yi gaba abinmu. Muna da intanet a gida, muna kallon Labarina a YouTube lokacin da muka ga dama, muna ganin zancen dish zancen jiya ne. Ina ganin wannan kuskure ne, saboda dalilai uku.

Dalili na farko lissafi ne. Tauraro na aiko da shiri sau ɗaya, ko mutum goma ne suka kalla ko miliyan goma, kuɗin bai ƙaru ba. A intanet kuwa kowane mai kallo sai an aika masa nasa kwafin, kuma shi zai biya kuɗin datar. Gida mai mutum goma sha biyu da ke taruwa gaban akwati ɗaya, idan aka mayar da shi kan waya, an mayar da kallo abin awo kamar man fetur. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. MultiChoice ta yi ƙari sau da dama tun 2023, kuma rahotanninta sun nuna ta rasa masu biya fiye da miliyan ɗaya a Najeriya cikin shekara biyu. Waɗannan mutane ba su daina son labarai ba, aljihu ne ya gaza.

Dalili na biyu mun gan shi da idonmu. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, na makonni, a wasu wuraren watanni. A wannan lokaci waya ta zama tocila da agogo. Rediyo da farantin da ke kan rufi su ne suka ci gaba da gaya wa mutane abin da duniya ke ciki. A shekarar ce kuma aka dakatar da Twitter na wata bakwai. Hanyar da ke bi ta turke ana iya datse ta da takarda ɗaya. Wadda ke saukowa daga sama a buɗe tana da wuyar datsewa.

Dalili na uku sirri ne. Risiba karɓa kawai take yi, ba ta mayar da rahoto. Ba ta san malamin da kake saurare ba, ba ta san tashar labaran da ka fi so ba, ba ta zaɓa maka abin da zai fi tunzura ka don ka daɗe kana kallo.

Inda masu suka ke da gaskiya

Za a ce babu abin kyauta a duniya, kuma haka ne. Tashar da mai kallo ba ya biya, wani ne ke biya: mai talla, ƙungiyar addini, ɗan siyasa ko wata gwamnati. Arewa24 kanta da tallafin gwamnatin Amurka ta fara. Wanda ya ba ka tuwo yana da ra'ayi a kan miyar. Haka nan tashoshin kyauta ba su da tabbas: yau tasha tana nan, gobe ta sauya mita ko ta koma wani tauraro, sai an nemo mai saiti an biya shi. Babbar ƙwallo ba ta zuwa a buɗe, abin da ya jefa sana'ar cikin harkar fasa makullan tashoshi, ya ɓata mata suna. Kuma matashi ɗan shekara ashirin ba zai zauna jiran ƙarfe takwas don shiri ya fara ba.

Duk na yarda. Amma amsar tashar da ke da ubangida ita ce tashoshi da yawa masu iyayengiji daban-daban, a buɗe, mai kallo ya auna. Rashin tabbas kuwa matsalar tsari ce, kuma tsari aikin hukuma ne.

A nan ne muka yi sakaci. Najeriya ta wuce wa'adin duniya na 17 ga Yunin 2015 na komawa talabijin na dijital ba ta koma ba. An yi gwajin FreeTV a Jos a 2016, aka kai wasu birane ƙalilan, aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, kuma ko shi an ɗora masa kuɗin shekara duk da sunansa. Muna da tauraronmu, NigComSat-1R, da aka harba a watan Disambar 2011 bayan na farko ya lalace a 2008, ga shi shekarunsa sun ja.

Abin da nake ganin ya kamata bai fi ƙarfinmu ba. A tara NTA da tashoshin jihohi irin su ARTV ta Kano, da duk tasha mai zaman kanta da ta yarda, a wuri ɗaya a sama, a buɗe, ba kati ba kuɗin shekara, yadda faranti ɗaya da saiti ɗaya za su wadatar. A sa a doka cewa labarai, da shirye-shiryen ilimi, da zaman majalisa, da wasannin ƙungiyar ƙasa, dole a same su kyauta, kamar yadda Birtaniya ta ware wasu manyan wasanni ta hana a kulle su. Idan an sayar wa kamfanonin waya zango, a cire wani kaso a tallafa wa gidajen watsa labaran da aka matsa. Masu talla kuma su nemi a auna masu kallon Arewa da gaske, domin tashar da ba a ƙirga masu kallonta ba za ta samu talla ba, wadda ba ta samu talla ba kuwa ko ta mutu ko ta nemi ubangida.

Mu kuma da ke da hali, akwai ƙaramin abin da ke hannunmu. Idan za ka haɗa wa iyayenka kallo a ƙauye, ka haɗa musu wanda ba zai ɗauke ba ranar da ka manta ka biya, ko ranar da albashi ya makara.

Kafin na bar ƙofar gidan, na tambayi ɗaya daga cikin 'yan gwangwan nawa suka saya. Ya faɗa mini. Na lissafa a raina, kuɗin ba zai biya kallon wata biyu a babban tsarin DStv ba.