Sulhun "A Yi Haƙuri" Bai Wadatar da Ɗalibi Mai Buƙata ta Musamman Ba

Bahaushe ba ya gaggawar kai malamin ɗansa ƙara. Idan saɓani ya shiga tsakanin iyaye da makaranta, dattawa kan zauna, a ba juna haƙuri, a yi addu'a a watse. Wannan al'ada tana kashe wutar rigima, amma ga yaro makaho ko kurma, sau da yawa takan bar matsalar inda ta same ta.

Dalili kuwa shi ne ƙarancin zaɓi. Uban da ɗansa ke makarantar makafi ta Limawa a Dutse, ko ta kurame a Haɗeja, ba shi da wata irinta a unguwarsu da zai mayar da yaron idan rai ya ɓaci. Wanda ba shi da wurin komawa, ko an ce ya faɗi kokensa, shiru zai zaɓa. Shirun nan ne ake ɗauka a matsayin amincewa.

Wani saɓanin ma na harshe ne, kuma ya shafi manazarta Hausa kai tsaye. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, alhali makarantun kurame a Nijeriya sun gaji salon da ya samo asali daga na Amurka. Yaro kan dawo hutu da alamomin da mahaifiyarsa ba ta gane su. Ban haƙuri ba ya warware wannan.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi. Sai dai kotu tana da tsada da jinkiri, zangon karatu kuma ba ya jira. Shi ya sa Amurka a 1997, da Ingila a 2014, suka ba sasanci gurbi a dokokinsu na ilimi na musamman.

Mu da muka gaji sulhu, gyara kawai yake buƙata. Na farko, mai shiga tsakani kada ya zama ma'aikacin makarantar. Kwamitin kula da makaranta na al'umma na iya gayyato mai unguwa da wakilin ƙungiyar nakasassu. Na biyu, a ji ta bakin uwa, domin ita ta fi sanin yaron, a kuma ji daga yaron kansa, da tafinta idan kurma ne. Na uku, a rubuta abin da aka cimma da Hausa, da boko ko ajami: wa zai yi me, kuma zuwa yaushe, tare da ranar sake zama.

Ma'aunin sulhu ba musafahar manya ba ce. Ma'auninsa shi ne abin da ya canza a ajin yaron washegari.