Tukunya Ta Fi Tukuba Albarka

A gidanmu da ke Mandawari, cikin birnin Kano, ba mu da tukuba. A da ina ganin hakan rashi ne, musamman da Babbar Sallah in ƙamshin balangu ya cika lungu. Yanzu ra'ayina ya sauya.

Mahaifiyata takan sulala naman rago da albasa, citta, kanumfari da gishiri, ta rage wuta har tsoka ta saki ƙashi, sannan ta zuba attaruhu da daddawa. Gashi tsotse nama yake yi, dahuwa kuwa romo take haifarwa. Abin da mutum uku za su cinye a tsire, a tukunya sai ya zagaya gida biyar.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hori Abu Zarrin da ya yawaita ruwan miyarsa domin maƙwabta su samu rabo. Ya ɗan'uwa, katanga ɗaya ce tsakaninka da wanda bai samu ikon layya ba, ƙamshi kuwa ba ya neman izinin tsallake ta. Ƙara ruwa, ka aiki yaro da kwano.

Allah Ya sa mu dace, amin.