RA'AYINMU: Man Da Ke Kashe Ƙaiƙayi Ya Bar Cuta

Da wuya a shiga gida yau ba a tarar da wani man shafawa na kemis a kan taga ko cikin jakar uwargida ba. Yaro ya yi makero, a shafa masa. Tsakanin yatsun ƙafa ya yi ƙaiƙayi, a shafa. Farce ya yi kauri, ya sake launi yana marmashewa, shi ma a shafa. Lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kan wannan man, gama ɓarnar da yake yi a ɓoye ta fi sauƙin da yake kawowa a fili.

Yawancin mayukan nan haɗin abu uku ne: maganin fumfuna, maganin bakteriya, da wani sinadari mai ƙarfi da likitoci ke kira sitiroyid. Wanda ya duba kwali ya ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, to, shi ne. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi da ƙaiƙayi ta wurin rage ƙarfin garkuwar fata. Makero da ciwon farce kuwa, ƙwayar cuta ce dangin fumfuna ke kawo su. Da an shafa, ƙaiƙayi ya lafa cikin 'yan kwanaki, mai ciwo ya ce ya warke ya ajiye magani, alhali kuwa fili aka buɗe wa cutar. Sai ta dawo ta fi dā faɗi, kamanninta sun canza har likita ya sha wuyar gane ta. Daɗewa ana shafawa kuma yana sa fata ta yi laushi ta rasa kauri, ta yi nankarwa. Ga jarirai abin ya fi muni, domin sinadarin yana ratsa fatarsu ya shiga jini.

Batun farce ya fi wuya. Farce abu ne mai tauri, irin wannan man ba ya ratsa shi ya kai inda cutar take. Ba kuma kowane lalataccen farce ne fumfuna ta ci ba. Buguwa, matsattsen takalmi da wasu cututtukan fata su ma suna ɓata shi. Shi ya sa ake kankaro ɗan ɓarɓashi a duba a ɗakin gwaji kafin a ba da magani. In an tabbatar, likita yakan ba da ƙwayar terbinafine a sha kullum, mako 6 don farcen hannu, mako 12 don na ƙafa, yana lura da lafiyar hanta. Ko an gama, sabon farcen hannu yakan ɗauki kamar wata 6 kafin ya cika, na ƙafa kuwa shekara guda ko fiye. Mutane da yawa sukan daina sha bayan mako biyu, ko don kuɗi, ko don ba su ga canji ba. Ƙwayoyin da suka tsira daga rabin magani su ne masu taurin kai, su ne kuma za su hayayyafa.

Wannan ba zato ba ne. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, wata ƙwayar makero ta ɓullo wadda sau da yawa terbinafine ba ya kashe ta. A 2020 masana suka raɗa mata suna Trichophyton indotineae. Ta kai ƙasashen Turai, a 2023 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da sanarwar samun ta a jikin mutum biyu a birnin New York. Magungunan fumfuna ba su da yawa a duniya. In ɗaya ya daina aiki, talaka ne zai biya tsadar na gaba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su tsananta sa ido, kada a riƙa sayar da man da ke da sitiroyid mai ƙarfi sai da takardar likita. Masu kemis su tuna ran mutum ya fi cinikin yini. Masu aski da masu yankan farce su tsabtace kayan aikinsu bayan kowane mutum. Asibitocin ikilisiya, makarantun kwana da zumuntar mata su ɗauki wannan koyarwa, musamman a ja kunnen iyaye mata masu zuba man nan cikin man kaɗe suna shafa wa jarirai.

Kai kuma ɗan'uwa, in farcenka ya lalace, je asibiti a duba. In kana da ciwon sukari kada ka jinkirta ko kaɗan, gama ƙaramin ciwo a ƙafa yana iya zama gyambo. Ka riƙa busar da tsakanin yatsu bayan wanka, kada a yi tarayyar tawul ko abin yanke farce. In an ba ka magani, ka sha shi har ƙarshe.