Ba a fafe gora ranar tafiya: Wace tukunya matafiyi zai ɗauka zuwa daji?

Kwanakin baya wani ɗalibina da ke shirin fita aikin bincike ya shigo ofishina da waya a hannu, ya nuna mini hoton wasu tukwane da ya gani a intanet, irin waɗanda Turawa kan ɗauka idan za su kwanan daji. Guda 12 ne a saitin, kowace tana shiga cikin 'yar'uwarta har su dunƙule su zama kamar tukunya ɗaya. Ya ce, "Malam, in saya?" Na ce masa ya sami wuri ya zauna. Maganar da na ɗauka ba za ta wuce minti biyar ba sai ga shi ta kai mu kiran sallar la'asar. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo ta wannan fili, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Akwai likitocin dabbobi da masu safiyo da jami'an gandun daji da injiniyoyin haƙar rijiyar burtsatse, waɗanda aikinsu kan kai su inda babu mai sayar da abinci, kuma babu mai dafa musu sai kansu.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar rayuwa da rashin tsaro, Dokta ya rasa abin da zai yi rubutu a kai sai tukunya? Amsata ita ce, tsadar rayuwar ce ma ta sa bai kamata mutum ya zuba kuɗin gumi a kan abin da ba zai amfane shi ba. Rashin tsaro kuwa, gaskiya ne ya rufe mana dazuzzuka da yawa, amma bai hana aiki fita da mutane ba. Bayan haka, kamar yadda mai karatu zai gani nan gaba, akwai batun lafiya a ciki.

Ni dai jiki ne ya gaya mini. Lokacin da nake aikin digirina na uku, na yi ta hawa tsaunukan kudancin Bauchi ina naɗar muryoyin dattawa masu magana da ƙananan harsuna irin su Zul da Geji, waɗanda Hausa ke ta cinyewa a bakin jikokinsu. A fitar farko na ɗauki tukunyar dalma daga madafin gidanmu, da risho, da galan na kananzir. Ɗan acaɓa ya ajiye ni a gindin dutse ya juya. Kafin in kai rabin hawa na gane cewa na'urar naɗar magana da littattafan da na zo dominsu su ne mafi sauƙi a cikin kayana. Da na dawo gida sai na yi rantsuwa ba zan sake ba, na roƙi wani abokina da ke karatu a Ingila ya taho mini da tukunyar titaniyam, wadda aka ce babu kamarta wajen rashin nauyi. Da ta iso kuwa, ka ɗaga ta kamar ka ɗaga gwangwanin madara. A daren farko na ɗora ruwa, na yi talge, na fara zuba gari. Kafin in juya muciya sau goma ƙauri ya cika tsakar gidan da aka sauke ni. Gindin tukunya ya kama ya yi baƙi ƙirin, saman tuwon kuwa ɗanye. Uwargidan mai masaukina, Allah Ya jiƙanta, ta leƙo ta duba, ta ce, "Ɗana, wannan ai moɗa ce, wa ya ce maka tukunya ce?"

Gaskiyarta. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, wanda ya ƙera wannan tukunya ba tuwo ne a ransa ba. Baturen da ke hawan dutse busasshen abincin leda yake ɗauka, wanda ruwan zafi kawai ake zuba masa, saboda haka bukatarsa ita ce abin tafasa ruwa cikin gaggawa. Mu kuwa abincinmu, ko tuwo ne ko dafa-duka ko garau-garau, abinci ne mai son zama a kan wuta, mai son juyi da tuƙi da sulala. To, tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ba "nawa ne nauyinta?" ba ce. Tambayar ita ce, "me zan dafa a cikinta, kuma a kan wace irin wuta?"

Ƙarfe uku ne ake yin waɗannan tukwane da su, kuma kowane da halinsa. Alminiyam, wanda Bahaushe ke kira goran ruwa ko sanholo, shi ne mafi rashin nauyi: idan aka yanko gunduwa daidai wa daida, wadda ta alminiyam ta yi giram 2.7, ta titaniyam za ta yi 4.5, ta farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa kuwa ta kusa 8. Mai karatu zai ce, ashe titaniyam ma ya fi alminiyam nauyi? Haka ne. Sirrinsa shi ne ƙarfi, wanda ke ba da damar a yi tukunyar da shi siririya kamar takarda ba tare da ta lotse ba. Amma nan ne kuma aibinsa yake. Alminiyam ya ninka titaniyam wajen sau goma a saurin yaɗa zafi, ya kuma ninka farin ƙarfe fiye da haka. Ma'ana, idan harshen wuta ya taɓa wuri ɗaya a gindin tukunyar alminiyam, nan da nan zafin zai bazu ko'ina. A siririyar tukunyar titaniyam kuwa zafin yana tsayawa ne inda wutar ta taɓa, ya ƙona abin da ke wurin, ya bar sauran. Ka ji asalin ƙanzon da na kwana ina kankarewa da yashi.

Saboda haka ra'ayina a fili yake: ga mai dafa irin abincinmu, titaniyam asarar kuɗi ce. Ka biya ninkin ba ninkin don ka rage giram 200 ko 300, alhali kana ɗauke da lita huɗu ta ruwa, wadda ita kaɗai kilo huɗu ce, ga mudun shinkafa, ga wake, ga manja. Wanda ya damu da bayansa, ya fara da rage tufafi.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa a koma ga tukunyar dalma ta kasuwa. Nan ne nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin sana'ata ta kalmomi ta shigo. A asalin Hausa, dalma ko darma suna ne na wani ƙarfe mai laushi da nauyi, wanda a yau muke jin sunansa a "gubar dalma", wato gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Da tukwanen alminiyam suka shigo, sai muka ara musu wannan suna saboda kamar launi. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin kuskuren suna kawai, irin wanda kowane harshe ke yi. Ashe sunan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tukwanen zubi da maƙeranmu ke yi, ana narka tarkace ne a zuba su: gwangwanaye, da ɓaraguzan injin mota, da duk abin da 'yan gwangwan suka kawo. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa da yawansu na sakin dalma ta gaskiya idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadi na wannan guba da aka san ba ya cutarwa. Wannan magana ta wuce ta matafiyi, ta shafi madafin kowane gida, amma a yau iyakata in ce: tukunyar zubi ta yi nauyi a baya, kuma ba ka san abin da aka narka aka yi ta ba.

Abin da nake ɗauka yanzu tukunyar alminiyam ce ta masana'anta, irin mai launin toka mai duhu wadda aka ƙarfafa fatarta da lantarki. Ba ta saurin karcewa, ba ta kuma ba abinci ɗanɗanon ƙarfe idan an zuba tumatir ko tsamiya ko yakuwa. Amma tana da maƙiyi guda wanda babu takardar kamfanin da za ta gaya maka, domin masu rubuta ta ba su san shi ba: kanwa. Kanwa na cin alminiyam kowane iri ne. Wanda ba ya iya dafa wake ko kaɗa miyar kuɓewa sai da ita, gara ya haƙura da ƙarin nauyi ya sayi farin ƙarfe, ya kuma koyi rage wuta da yawan juyi. Farin ƙarfe na da wata falala kuma: ka goge shi da yashi da toka a bakin rafi, ko a jikinsa. Irin tukwanen nan masu baƙin shafe da ke hana abinci kamawa kuwa, ban ba kowa shawarar ya kai su daji ba. Shafen na fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, wutar itace kuma ba ta da maɓallin ragewa. Cokalin ƙarfe sau ɗaya ya isa ya fara ɓare shi.

Na ambaci wutar itace da gangan. Yawancin saitin da ake talla an yi su ne don ɗan ƙaramin murhun gas mai gwangwani, gwangwanin kuma ba a shiga jirgin sama da shi, ba kuma kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba in an bar manyan birane. Ko ba daɗe ko ba jima, tukunyarka za ta hau duwatsu uku. Don haka ka dubi mariƙinta. Idan na roba ne, zai narke a daren farko. Idan irin ɗan hantsakin nan ne da ake cirewa, ranar da ya faɗa cikin ciyawa ka shiga uku. Marataya ta waya, irin ta bokiti, ita ce ba ta ba da kunya. Ka dubi murfi kuma, ya zama mai zama daram, domin shi ne ke tsimin itace da lokaci, musamman a kan tudu. A tsaunin Mambila, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 95 maimakon 100, wake kuma ya ƙara taurin kai.

Game da yawa, guda 12 ɗin nan da suka ruɗi ɗalibina, da muka ƙirga sai muka tarar tukwane biyu ne kacal, sauran kofunan roba ne da cokula da soso. Tukunya biyu sun isa, ɗaya ta tuwo ko shinkafa, ɗaya ta miya, sai murfin da zai iya zama kaskon suya, sai 'yar butar shayi in ta shiga ciki. Kamfanin Trangia na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1925, tun 1951 yake sayar da tsari irin wannan, murhu da tukwane biyu da kasko duk a dunƙule, kuma har yau bai ga dalilin sauya fasalin ba. Babban saitinsa na da tukunya mai lita 1.75 da mai lita 1.5. Ban kawo sunansa don talla ba, na kawo shi ne don a ga ma'aunin da suke aiki da shi. Su a wurinsu wannan abincin mutum uku ne ko huɗu. A wurinmu lissafin ba haka yake ba, domin a dajinmu ba a cin abinci a ɓoye. Makiyayin da ya biyo ta wurin, da yaron da ya nuna maka hanya, da dattijon da ka wuni kana yi wa tambayoyi, duk sai ka ce musu bisimilla. Idan ku biyu ne, ka sayi tukunyar mutum huɗu. Ni ban taɓa nadamar ɗaukar mai lita uku ba.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke kallon wannan dabara ta tukunya cikin tukunya kamar baƙuwa. Duk wanda ya taɓa ganin Fulani na tashi ya ga yadda matansu ke jera ƙore, ƙarama cikin babba, a ɗaure a cikin raga a ɗora wa sa ko jaki, ɗakin girki guda a kan dabba ɗaya. Saitin samira da ake jera wa amarya ma haka yake, daga uwa har auta. Dabarar tamu ce tun fil azal. Abin da muka rasa shi ne wanda zai zauna ya ƙera ta daidai da tafiyar yau: tukwane biyu na tsabtataccen alminiyam, masu ɗan kauri a gindi don tuƙin tuwo, masu marataya ta waya, da gajeriyar muciya da za ta kwanta a ciki. Muna da masana'antun tukwane, muna da sassan koyar da injiniyanci a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha. Wannan aikin kammala digiri ne na ɗalibi ɗaya, kasuwarsa kuma tana nan, tun daga 'yan sikawut har direbobin manyan motoci da ke girki a gefen titi.

Kafin a kai ga haka, ga abin da muka yi da ɗalibina. Na hana shi aika kuɗi ta intanet, muka shiga kasuwa wajen masu sayar da kayan girki. Muka zaɓi tukwanen farin ƙarfe biyu daga cikin wani saiti, mai lita uku da mai lita biyu, domin ya ce shi ba ya rabuwa da kanwa. Muka kai wa mai walda ya cire musu kunnuwan roba ya sa marataya. Muka yanke muciya ta dawo kamu ɗaya da rabi. Sannan na kafa masa sharaɗi: kafin in sa hannu a takardar tafiyarsa, sai ya haɗa duwatsu uku a bayan ɗakin kwanan ɗalibai ya tuƙa tuwo a cikinta, ya kawo mini malmala ɗaya ofis.

Ya kawo ranar Litinin. Da ɗan gudaji, amma babu ƙauri.