A yi tambaya kafin a ɓoye AirTag a babur

Edita,

Ina neman fili in ja hankalin masu kabu-kabu da masu kiwo na Matameye a kan 'yar na'urar nan mai kama da maɓallin riga, irin AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021, wadda wasu ke ɗauka maganin ɓarawo ce. Ba ta da GPS, ba ta da layin waya. Ƙaramin batir ne a cikinta mai kai kusan shekara guda, sai siginar Bluetooth da ba ta nisa. Sai wata salula ta gifta kusa ta ji siginar, sannan ta tura wa mai kaya wurin da take ta intanet. To, salular wa? AirTag sai kayan Apple, SmartTag kuwa sai Galaxy ta Samsung. Mu a nan Tecno da Itel ne a hannun jama'a, da yawa ma masu madannai. Babur ɗin da aka tura cikin gonar rake, ko sa da aka kora ta daji don kauce wa shingen kan iyaka na Ɗan Barto, zai iya yin kwanaki ba wayar da ta ji shi.

Za a ce ai tun 2024 Google ya buɗe irin wannan hanya ga wayoyin Android. Gaskiya ne, kuma a tasha ko ranar kasuwa a Damagaram ko Daura tana iya amfani. Amma sai mai wucewa ya bar Bluetooth a kunne kuma yana da kuɗin intanet, alhali mutanenmu kashe su suke yi don tattalin caji. Ɓarawo kuma ba ya ajiye kayan sata a tasha. Wani abin da mai talla ba ya faɗa: don hana bin sawun mutane a ɓoye, an tsara AirTag ta yi ƙara idan ta daɗe nesa da mai ita, wayar wanda ke tafe da ita ma ta gargaɗe shi. Tsari ne mai kyau, amma ɓarawo ma yana cin moriyarsa.

Ga makulli ko jakar da aka manta a mota, a sayi na'urar. Mai babur kuwa ya nemi na'ura mai GPS da layin waya, ya adana takardunsa don kai wa jandarma.

Naku,
mai karatu daga Matameye