Zuwa ga masuntan Kogin Chari da bakin Tafkin Cadi: a kula da hanjin kifi



Dattawanku sun san kurkunu. Sun ga mutum zaune a gindin bishiya tsakiyar damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, gona kuwa ciyawa ta cinye. A 1986 mutum wajen miliyan 3.5 ne suka kamu a duniya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi, sai muka ɗauka zance ya ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Tun 2012 aka fara ganin tsutsar tana fitowa daga ƙafar karnuka a ƙauyukan bakin Chari, kuma a 2019 karnukan sun kusa 2,000. Tace ruwan sha, wanda da shi aka ci ƙarfin cutar a wurin mutane, bai shafi kare ba.

'Ya'yan tsutsar suna shiga cikin wasu ƙwarin ruwa da ido da ƙyar yake gani. Ƙananan kifi su haɗiye ƙwarin, talibambam ma haka, har ya girma ya zama kwaɗo da abin a jikinsa. Yanzu ku tuna bakin gaɓa ranar da su ya yi albarka: ana feɗe tarwaɗa da karfasa, ana cilla hanji gefe, karnuka na cafewa tun bai taɓa ƙasa ba. Bayan kamar shekara tsutsa ta huda fata, zafi ya kora kare cikin ruwa, ta zazzage dubban 'ya'ya a inda yaranku suke wanka da sha. Masu bincike na zargin wannan hanya ƙwarai, ni ma na yarda da su.

Roƙona bai fi ƙarfinku ba. Ku tona rami mai zurfi ku binne kayan ciki, ko ku jefa su wutar banda. Kifin da aka ɗan babbaka sama-sama a kan garwashi, ciki da ɗanye, kada a miƙa wa yaro, komai kukansa. Kurkunu ba shi da ƙwaya, ba shi da allura.

In kun ga wani abu kamar farin zare yana leƙowa daga ƙafar kare, ku ɗaure shi nesa da ruwa, ku aika a kira ma'aikacin lafiya tun ranar.