Ƙunshin Garwashi: Ilimin da Leda Ke Neman Binnewa

A Amurka, masu kwanan daji don shaƙatawa sukan yanka dankalin Turawa da albasa da nama, su ƙunshe a takardar alminiyam, su tura cikin garwashi. Manomin Tsafe ko na Bungudu ba baƙon wannan dabara ba ne. Tun kaka da kakanni yake binne dankalin Hausa a toka mai zafi, yake gasa masara cikin ɓawonta, ba tare da tukunya ba.

Sirrin duka ɗaya ne. Ƙunshi yana tsare ruwan da ke jikin abinci, ruwan ya zama tururi, tururin ya dafa ciki kafin waje ya ƙone. Shi ya sa gwani ke jira harshen wuta ya mutu, domin harshe babbaka yake yi, garwashi kuwa nunarwa.

Abu biyu ke kashe wannan ilimi. Na farko, 'yan bindiga sun hana mutane da yawa yini a gonakin nesa, kuma yaron da bai yini a gona ba, wa zai koya masa? Na biyu, leda ta kori ganye. A Gusau yau alale a leda ake dafa shi, tuwo da zafinsa a leda ake naɗe shi, tsire kuma a tsohuwar jarida. Ledar ƙulli tana fara narkewa da zafin da bai wuce na tafasasshen ruwa da yawa ba, alhali alminiyam sai ya kai digiri 660. Tawadar jarida kuma ba don ciki aka yi ta ba. A 2018 Indiya ta kafa ƙa'idar hana naɗe abinci da jarida.

Wani zai ce leda ce ke da arha. Gaskiya ne, amma ɓawon masara kyauta yake a lokacin kaka, gwangwanin alale kuma ana wankewa a sake amfani da shi. Ita ma takardar alminiyam tana da sharaɗi: tsamin tumatir ko lemo yana cin ta, don haka a shimfiɗa ganye tsakaninta da abinci.

Gyaran daga mai saye zai fara. Ranar da ma'aikacin Gusau ya riƙa zuwa wajen mai tsire da kwanonsa, ya kuma ƙi alalen leda, masu sana'a za su bi, domin kasuwa bakin mai kuɗi take saurare.